Tsohon babur ɗin mahaifina YB100: in cire famfon mai ko in bar shi?

Ɗan Malam, daga ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena masana harkar tsofaffin babura, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya ɗaure mini kai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, kuma ya sayi babur ƙirar Yamaha YB100 a 1975, shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji. Da shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauyenmu da duk makarantar da aka tura shi har ya yi ritaya, kuma har yau tsohuwar lambarsa mai farawa da KN tana maƙale a bayansa, domin a lokacin ba a cire Jigawa daga Kano ba. Tun 2008 da ciwon ƙafa ya hana shi hawa aka jingine babur ɗin a wani ɗaki kusa da rumbu. Da aka zo rabon gado 'yan gwangwan suka yi tayinsa, ni kuwa na roƙi 'yan'uwana aka yi masa kuɗi aka saka shi a cikin rabona. Ba abin hawa na rasa ba, ina da Boxer da nake zuwa gona da kasuwa da shi. So nake kawai in mayar da wannan kamar yadda na san shi ina yaro.

Na wanke tanki da kafireta, na sa sabon fulogi da sabon mai, kuma cikin ikon Allah ya tashi bayan na sha wahalar buga kik. Amma abubuwa biyu suna damuna. Hayaƙin da yake fitarwa fari ne mai kauri, yana da wani wari da ba irin wanda na saba ji ba, kuma ba ya raguwa ko da injin ya yi zafi. Sannan idan na saki totur, maimakon ya sauko ya tsaya a silo, sai ya ci gaba da kuka da kansa na ɗan lokaci. Bakaniken garinmu ya ce famfon man tu-ti, wato man da inji mai bugu biyu irin wannan yake ƙonawa tare da fetur, shi ne yake zuba mai fiye da kima, don haka in cire shi in riƙa haɗa man a cikin tanki, ko kuma in huta gaba ɗaya ya ɗora mini injin zamani mai bugu huɗu. Shawara ta biyun ban karɓa ba. Ta farkon ce nake tambaya a kanta, kuma ina so in ji ko ya dace in fara kai shi fenti tukuna, domin ina da burin hawa shi zuwa masallacin Idi a Babbar Salla. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike, Gumel:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Malam, ya sa aljanna ce makomarsa, kai kuma Allah ya yi maka albarka da ba ka bari an auna shi a sikeli ba. Ɗana, abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka sake tayar da injin nan har sai an buɗe shi, domin abin da ka kwatanta ba ciwon famfo ba ne, kuma duk tayarwar da ka ƙara yi kana kusantar da shi ga bugawa ne.

Bari in yi maka bayani yadda na koya a gareji tun ana kawo waɗannan babura a cikin akwati. Inji mai bugu biyu ba ya ajiye baƙin mai a ƙarƙashin fistin kamar Boxer ɗinka. Wurin da kiranshaf yake juyawa rufaffen ɗaki ne, kuma ta nan fetur da iska suke fara shiga. Idan fistin ya hau sama sai ya zuƙo su, idan ya sauko sai ya matse su ya tura su ta wasu hanyoyi zuwa saman silinda. Wannan ɗakin dole ne ya kasance a toshe ruf, kuma abin da yake toshe shi robobi ne guda biyu da muke kira oyil-sil, ɗaya a hagu wajen magneto, wato faifan da yake samar da wuta, ɗaya a dama wajen kuloci. Roba kuwa idan ta shekara goma sha ba ta ga mai ba, ga zafin bazararmu, sai ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Ta hagun idan ta lalace iska take shigarwa, shi ya sa injin yake kuka da kansa bayan ka saki totur, domin iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, kuma irin wannan haɗin yana ƙara zafi har fistin ya cije ko samansa ya huje. Ta damar kuma man giya take bari ya shiga, shi ne farin hayaƙin nan mai wari. Idan kana son shaida, duba man giyar, za ka tarar ya ragu alhali babu ɗigo a ƙasa. Ka ga ke nan da an cire famfon, da hayaƙin yana nan, kuma da an zauna ana ta zargin kafireta.

Idan an zo aikin, ka tsaya a wurin da kanka. Kada ka yarda kowa ya buga magneto da guduma don ya fito, akwai ƙarfen da ake ɗaura masa a zare shi a hankali, kuma bugun yana iya lanƙwasa bakin kiranshaf. Tunda an riga an buɗe, a kama kan kiranshaf a girgiza shi sama da ƙasa. In ya motsa, ko aka ji gurnani in an juya shi, to boris ɗin ma sun tafi, domin raɓar damina tana shiga injin da yake ajiye ta sa musu tsatsa. A zare silinda a duba cikinsa. Idan ƙarcewar ba ta kama farce ba, sababbin zobban fistin sun isa. Idan ta yi zurfi sai a kai Kano a fafe shi, abin da muke kira borin, a sa fistin na gaba. Suna zuwa ne mataki-mataki, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00, kuma kada ka bari a tsallake mataki don kawai shi ne ake da shi a shago, domin kowane mataki rai guda ne na silindar. Fistin yana da kibiya a samansa, tana kallon wajen salansa. A cikin ramin zobban kuma akwai ƙananan ƙusoshi da bakin zobe yake zama a kansu don kada ya juya ya faɗa ƙofar hayaƙi. Na sha ganin yaran da ba su san da su ba suna danna silinda da ƙarfi su karya sabon zobe tun ba a tayar ba.

Game da famfon, ni dai ra'ayina a bar shi. Kamfanin Yamaha ya fara sa shi a baburansa tun 1964, suna kiransa Autolube, kuma a duk shekarun da na yi ina wannan aiki, yawancin famfunan da aka kawo mini aka ce sun mutu ba su mutu ba. Ko dai an bar tankin man ya ƙare iska ta shiga, ko waya ta tsinke, ko siririn tiyon da yake kai man ya tsage. Akwai ƙaramin noti a jikinsa da ake kwancewa a bar mai ya zuba har kumfa ta ƙare, akwai kuma alama a jikin faifan da waya take ja, wadda ake daidaitawa da buɗewar totur. Ka sauya tiyon biyu, ka wanke tankin man, shi ke nan. Fenti kuwa ka manta da shi tukuna. Ba a yi wa mara lafiya lalle.

Mai Vespa, Ɗambatta:

Baba na Gumel, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa a kan robobin nan haka yake, kuma ni ma na taɓa biyan kuɗin wannan darasin. Sai dai a kan famfo ina neman izini in saɓa muku. Vespa ɗin da nake hawa tun ina saurayi ba ta da famfo ko kaɗan, da hannuna nake haɗa mata mai, mililita 20 a kowace lita ta fetur, kuma ban taɓa kwana da fargabar ko man yana isa inji ba, tunda idona ya ga shigarsa. Famfon da ya shekara kusan hamsin, idan ya tsaya a tsakiyar hanya ba ya sallama, sai dai ka ji tayar baya ta ƙulle. Malam Ɗan Malam ba kullum zai riƙa hawa babur ɗin nan ba, na marmari ne, saboda haka wahalar aunawa ba za ta dame shi ba. Abin da kawai zan ja masa kunne a kai shi ne ya sayi sirinji babba a kemis ya riƙa aunawa da ita, ya haɗa a galan ya girgiza kafin ya zuba, kada ya bi al'adar 'yan acaɓa na da, waɗanda suke tsiyaya man a tanki da ido su ce ya isa. Kuma ya guji fetur ɗin 'yan bumburutu in ba dole ba, domin wanda aka gauraya da kananzir yana sa irin wannan injin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Malamin Fasaha, Kazaure:

Assalamu alaikum. Iyayena biyu da suka gabace ni kowannensu yana da hujja, kuma ina ganin saɓanin zai ragu idan aka duba inda man yake bi a kowane inji. A baburan Yamaha irin wannan, famfon yana zuba man ne a hanyar da fetur yake bi bayan ya fito daga kafireta, daga nan su gauraya su shiga tare, don haka idan an cire shi aka haɗa man a tanki, man zai isa duk inda yake isa a da. Amma wannan hukuncin bai hau kan kowane babur ba. Tsarin Suzuki da ake kira CCI, wanda yake jikin A100, yana tura mai ne kai tsaye ta tiyo zuwa boris ɗin kiranshaf, kuma wanda ya cire famfon irin wannan ba tare da ya yi wani gyara a ciki ba, ya bar boris ɗin da ƙishirwa. Na faɗi haka ne saboda masu A100 da za su karanta wannan zance su ɗauka shawarar Alhaji na Ɗambatta ta shafe su.

Ko a YB100 ɗin ma, cirewar tana da farashi. Famfon yana la'akari da abu biyu, gudun inji da buɗewar totur, shi ya sa yake rage mai a silo ya ƙara shi idan an ɗauki kaya ko ana hawan tudu, alhali haɗin tanki awo ɗaya ne a kowane hali, wanda yakan yi yawa a tafiyar cikin gari har fulogi ya riƙa jiƙewa. Sannan idan mutum ya sako gangara da giya a ciki ya rufe totur, mai haɗin tanki ya yanke wa injin mai kusan gaba ɗaya alhali fistin yana gudu, mai famfo kuwa yana ci gaba da samun ɗan rabonsa. Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi, wato man da aka zuba a tanki ta ƙaramin rami ɗaya na cikin kafireta, wanda ake kira jet, yake bi da fetur, ya tare wani ɓangare na hanyar, don haka fetur ɗin da yake shiga ya ragu kaɗan. Wanda ya ninka mai yana ganin gata ya yi wa inji, zafi ya ƙara masa. Awon Vespa na mililita 20, wato kashi 1 cikin 50, na Vespa ne. Wanda ya cire famfon tsohon babur na Japan yakan zauna ne a wajen mililita 30 zuwa 40 a lita. Ni da za a bi tawa, a bar famfon kamar yadda Baba ya ce, amma a cika tankin farko da haɗin mililita 20 a matsayin kariya, a yi alama a jikin tankin man, a yi tafiya a ga ko yana raguwa. In ya ragu, famfon ya wanke kansa daga zargi, kuma fargabar Alhaji ta kau.

Man da za a saya ma abin dubawa ne. A nemi wanda aka rubuta 2T a jikinsa, kuma in da hali mai alamar JASO FC ko FD, domin su ne masu ƙarancin hayaƙi da ƙarancin toka. Baƙin man mota ba a yi shi don ya ƙone ba, yana barin gawayi a ƙofar hayaƙi da ramin zobba, wanda aka tsiyayo daga wani injin kuwa ba ma a maganarsa.

Abin da ban ji an ambata ba, kuma a ƙasarmu shi ne yake cin inji fiye da komai, ita ce ƙura. YB100 ba ya ɗauke da kafireta a bayan silinda kamar sauran babura. Tana ɓoye ne a cikin murfin dama, domin wani faifai ne mai yanka a jikin kiranshaf yake buɗe wa fetur hanya yana rufewa. Iska tana fitowa daga matatar da take cikin gwangwanin nan na saman inji, ta sauko zuwa wannan ɗakin. Saboda haka idan gaskit ɗin murfin ya yage, ko robar da wayoyi suke shiga ta cikinta ta ɓace, ko aka bar murfin a buɗe don sauƙin gyara kamar yadda wasu suke yi, to yashin hanyar Ringim da ƙurar hunturu za su shiga kai tsaye, su gauraya da mai su zama abin wasa wuƙa a jikin faifan da fistin da boris. A tsabtace matatar akai-akai daga Nuwamba zuwa Maris. Wajen wuta kuma, tazarar kwantak, wato ƙarafan da suke buɗewa suna rufewa don ba fulogi wuta, tana tsakanin milimita 0.3 da 0.4, fulogin da ya dace NGK B7HS ne, kuma launin bakinsa bayan tafiya shi ne shaidar lafiya: ruwan ƙasa yana nufin daidai, baƙi mai danshi mai ya yi yawa, fari fat kuwa a kashe inji a nemi inda iska take shiga.

Ɗan Malam, daga ƙasar Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi jinkirin dawowa ne domin in zo da labari ba da wata tambayar kawai ba. Baba, maganarku ta tabbata: man giyar ya ragu sosai, kuma da aka zare robar hagu sai ta karye gida biyu a hannun bakaniken, shi kansa ya yi dariya ya ce ya ƙaru. Boris ɗaya yana gurnani, mun sauya duka biyun. Silindar ba a taɓa fafe ta ba, kuma ƙarcewar ba ta kama farce ba, don haka zobba kawai muka sa. Robobin da gaskit na same su a Kano bayan na zaga shaguna da dama da tsofaffin a aljihuna, domin na lura idan ka ambaci sunan babur ɗin sai matasan su ce babu, amma idan ka nuna lambobin awon da suke jikin robar sai a ɗauko maka. Murfin gefe da gilashin fitilar baya kuma a wajen masu tsofaffin kaya na Ƙofar Ruwa na tsinto su. Famfon mun bar shi, mun fitar masa da iska, kuma man yana raguwa daga alamar da na yi kamar yadda Malam na Kazaure ya ce a gwada. Alhaji, sirinjin ma na saya, da ita na auna tankin farko.

Yanzu yana tsayawa a silo lafiya, hayaƙin ya koma shuɗi siriri. Saura abu guda: ba shi da ƙarfi idan na ba shi wuta sosai, kamar ana riƙe shi ta baya, kuma salansar tana da nauyi fiye da yadda nake zato. Wani ya ce in zuba mata soda irin ta haɗa sabulu, wani ya ce in huda ta.

Tsohon Bakanike, Gumel:

Madalla, ɗana, ka faranta mini rai. Kada ka huda ta, garin neman gira a rasa ido. Salansar mai bugu biyu da awo aka yi ta, tana taimaka wa injin ya riƙe fetur ɗin da zai gudu ta ƙofar hayaƙi, kuma wanda ya huda ta ƙara kawai ya saya, ya ƙara shan mai. Nauyin da ka ji gawayin shekara talatin ne haɗe da man giyar da ya yi ta ƙonawa kwanan nan. A ƙarshenta akwai noti guda da yake riƙe da wani bututu mai huji-huji. Ka zare shi, ka sa shi a garwashi har man ya ƙone ya zama toka, ka kakkaɓe shi da burushin waya ka buɗe hujojin. Jikin salansar kuma kada ya ga wuta tunda kana son ƙyallinsa, a nan ne sodar take da amfani: ka toshe baki ɗaya, ka zuba ruwanta ya kwana, ka ɗauraye sosai. Ka sa safar roba ka kare idonka, ka nisanta ta da yara, kuma kada ɗigo ɗaya ya taɓa kan silinda ko murfin inji, domin soda tana cin alminiyam. Kafin ka mayar, leƙa ƙofar hayaƙin silindar, ka saukar da fistin ka kankare gawayin da katako ko guntun alminiyam, ba da sukudireba ba.

Sababbin zobba suna son haƙuri, saboda haka ka yi kilomita ɗari uku zuwa biyar ba ka wuce rabin totur ba, ba goyo, kana sauya gudu, kana barinsa ya huce. Zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi da dawowa ya ishe ka gwaji, ka ɗauki fulogi na biyu da sifanarsa a aljihu. Tayoyin nan na 2008 kuma ka sauya su ko da zanensu bai cinye ba, tare da takalman birki, domin fatarsu takan ɓalle bayan dogon zama. Fentin tanki kuwa, in ba tsatsa ce ta huda shi ba, ni da zan samu yadda nake so da ka wanke shi ka goge kawai ka je Idi da shi a haka, da gogewar da gwiwar Malam ta bari a gefensa.